Kanwar Bayan Kamfani

Shekara ɗaya da wata bakwai na yi ina aikin da har yau ban san sunansa da Hausa ba. A takardar kamfani an rubuta ni lebura. Mutanen Karare kuwa, da ba a raba su da tsiya, Sarkin Kwatami suke kirana, ni kuma in amsa da ƙarfi, don a lokacin ina da takalmin roba har gwiwa da safar hannu, kuma duk garin babu mai irinsu. Sunana Sammani. Yanzu da na tsufa na gane takalmin nan ya fasa mini kai fiye da kima.

Kamfanin na man gyaɗa ne da sabulu. Wani attajiri, Alhaji Armaya'u, ya kafa shi a bakin garinmu kan hanyar Batsari, lokacin da arzikin fetur ya fara shigowa, kowa yana ganin ko a kan dutse ya dasa inji zai yi tsiro. Kamfanin bai daɗe ba, cutar da ta cinye gyaɗa ta haɗa da shi, amma kafin ya mutu ya yi abin da ya yi.

Aikina a bayan katanga yake, inda ƙazantar kamfani ke fita. Ramuka uku aka gina da siminti. Na farko ruwan soda ke zuba a ciki, wanda aka wanke tukwanen sabulu da shi. Na biyu na ruwan asid ne, mai ɗan karen tsami, wanda in ya ɗiga a riga sai ya huda ta. Na uku fanko yake sai na haɗa su. In buɗe wannan kaɗan, in buɗe wancan kaɗan, in sa doguwar gora in yi ta juyawa, ruwan ya ɗau zafi, ya yi kumfa, ya lafa. Sannan in tsoma 'yar takardar gwaji. In ta yi ja, tsami ya rinjaya, sai in ƙara farar ƙasa. In ta yi shuɗi, soda ce ke da baki, sai in ƙara asid daga duro. Sai ta yi kore kamar ganyen gyaɗa nake da izinin ɗage ƙofar ƙarfe, ruwan ya bi kwazazzabo ya gangara rafi, inda dabbobin gari da na ruga suke sha.

Injiniya Hashimu ne ya koya mini, wani siririn saurayi da ya yi karatu a Kaduna. Ran farko da ya ga na kasa gane kan abin, sai ya ce, "Malam Sammani, ka taɓa ganin mai ɗakinka ta jefa kanwa a miyar yakuwa?"

Na ce, "Kullum."

"Me ke faruwa?"

"Sai ta taso da kumfa, tsamin ya mutu."

"To, aikinka ke nan. Wannan ramin ɗan'uwan kanwa ne, wancan ɗan'uwan yakuwa. Kowane shi kaɗai mugu ne, in suka haɗu sai su kashe juna. Amma ka ji da kyau, ko kaza kada ka bari ta kusanci ramin farko."

Magana biyu ya ba ni ran nan. Ta farko mai daɗin faɗa ce, ita na yi ta yawo da ita a majalisa ina burge mutane. Ta biyu ba ta da armashi, sai na bar ta a bakin rami tare da gorar juyi.

Manu abokina ne tun muna yawo ba wando. Duk kaka mahaifinsa yakan sauke garkensa a gonar mahaifina, shanu su ci kara su bar mana taki, mu kuma yara mu yi ta dambe a kan tafasasshen nono. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa Agwai, ba wanda ya taɓa jin haushi. Matarsa Ramatu da matata Hansai kuwa, ƙwarya ɗaya suke ci. Kafin babban farin nan, in garken gidansu Manu ya taso daga rafi sai ka tsaya ka ba shi hanya har ƙafarka ta gaji. Fari ya zo ya yi shekara biyu yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Bafillace ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, amma abin da ya rage wa Manu ko makaho zai ƙirga. Tara ne. Su ne jinin shanun ubansa da kakansa, su ne abincin gidansa, su ne dalilin da zai shiga taron Fulani ya zauna a kan tabarma ba a bakinta ba. Ta goma tawa ce, wata karsana mai farin goshi da na saya da na fara aiki na ba shi kiwo. Shi ya sa mata suna Wule.

Farkon daminar shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji, wata ranar Talata da hantsi, ya biyo ta bayan kamfani da shanun. Ciyawa ta fara fitowa, amma ba su murmure ba. Haƙarƙarinsu a waje, gashinsu ya yi buzu-buzu, suna ta lasar ƙasar suri, wata ma na ga tana taunar tsumma. Duk wanda ya tashi kusa da ruga ya san ma'anar wannan. Jikinsu kanwa yake nema. Da sabuwar ciyawa ake ba shanu kanwa, a jiƙa ta a komi su sha, ta wanke musu ciki, ta buɗe musu ci, nono ya kawo. To, farin da ya kashe shanu ya kashe raƙuma da jakunan fatake masu kawo ta daga arewa, wadda ke kasuwar Batsari kuwa ta fi ƙarfin mai shanu tara.

Muka gaisa, ya tambayi Hansai da yara, na tambayi Ramatu da tsohuwarsa. Ya jingina da sandarsa yana kallona ina juya ruwa.

"Kaɗo, wai wannan shi ne aikin da ake ba ka takalmi dominshi? Damun kunun aljanu?"

"Agwai ke nan. Mi ka sani ban da bin wutsiyar saniya? Matso ka ga ilimi."

Shingen ƙaya ne ya kewaye ramukan, don na roƙi waya har na gaji ba a kawo ba. Manu ma ya taya ni saran ƙayar. Na janye reshen da ke zaman ƙofa ya shigo. Bai kula da ramin da nake juyawa ba. Na farko ya nufa, ya tsuguna, yana duban farin abin da ya bushe a gefen siminti inda rana ta ƙone ruwan. Ya kankaro kaɗan da farce ya murza. Ya tsoma yatsu biyu a ruwan ya shafa su da juna, ya ji santsi. Sannan ya ɗan taɓa a harshe, ya yi sauri ya tofar, ya goge baki da hannun riga.

"Kai! Wannan ai kanwa ce."

Nan ne ya kamata in ce masa guba ce. Kalma biyu, ko numfashi ba za su ci mini ba. Amma ga abokina a tsugune yana mamakin abin da ke ƙarƙashin hannuna, ni kuma ga takalmi har gwiwa. Na ce, "'Yar'uwatta ce. Ta Turawa. Kanwar ungurnun da kuke taƙama da ita, wannan ta ninka ta goma."

Don in ƙara masa mamaki, na ɗebo kaɗan a gwangwani, na zuba ruwan tsamiyar da Hansai ta jiƙa mini na kunu. Ya yi ɗan motsi ya canza kama. Duk gwajin da makiyayi ke yi wa kanwa a kasuwa, abin nan ya ci shi: fari, santsi, cizon harshe, ga shi yana faɗa da tsami.

Manu ya dubi ramin, mai faɗin ɗaki guda, cike har wuya. Ya ce, "To, mi kuke yi da ita?"

"Ka ga wancan ruwan tsamin? Shi nake zuba mata in kashe ta, sannan in sake ta rafi."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

Ya waiga ya dubi shanunsa a bayan shinge suna lasar suri, ya sake duban ramin. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Lalle Haɓe ba ku san ciwon dukiya ba." Na ɗauka wasan da muka saba ne, na rama, ya kora shanunsa ya tafi. Na ga kallon da ya yi musu, wallahi na gani, amma hankalina yana kan yadda na burge shi.

Da wani ne, da ya ce, Sammani, ɗibar mini garwa biyu. Da ya faɗi haka da na daka masa tsawa, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma Manu ba ya roƙo. Ko ruwan sha ne a gidana sai Hansai ta yi kamar za ta yi fushi kafin ya karɓa. Balle abin da yake na maigidana ne, wanda a ganinsa in ya tambaya zai sa ni tsaka mai wuya, in ba shi in ci amanar Alhaji, in hana shi in ji kunya. Sai ya ɗauke mini wannan nauyin, ya yi shiru.

Ran Laraba aka yi babban wankin tukwane, ramin farko ya cika da soda mai kauri wadda ban taɓa ganin irinta ba. Na tsoma takarda ta fito shuɗi har yana komawa baƙi. Asid ɗinmu ya ƙare, motar da za ta kawo daga Kano ba ta iso ba. Injiniya Hashimu ya ce a bar shi a rufe sai Asabar. Ran Alhamis da safe aka aiko mini cewa Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a Zakka ta ƙasar Safana. Na ja ƙaya na toshe ƙofar shinge, na hau keke. A bakin gari na ci karo da Manu, na gaya masa inda za ni da ranar da zan dawo. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce in gaida mutanen Zakka.

Na dawo ran Juma'a rana ta ɗaga. Kafin in shiga gida na ce bari in leƙa ramuka. Ƙayar tana nan a ƙofa, amma ba yadda na sa ta ba, an gyara mata zama fiye da yadda ni nake yi. Ruwan ramin farko ya sauka da kamar taƙi guda. A ƙasa ga sawun jaki, ga kuma ɗigon ruwa da ya bushe ya yi fari, yana tafe a jere ya nufi yamma. Ruga ɗaya ce a yamma.

Ban san lokacin da na yar da keken ba.

Tun daga nesa na jiyo nishi. Ba kukan shanu ba ne, wani gurnani ne daga can cikin ciki. Shida suna kwance, uku suna tsaye sun buɗe ƙafafu, kawunansu a ƙasa, yawu mai jini yana zuba kamar igiya. Leɓunansu sun saluɓe. Komin itace yana tsakiyar fili, saura kaɗan a gindinsa, ga dusa tana yawo a kai. Manu yana durƙushe ya rungume kan wata tsohuwar saniya da ake kira Goggo, wadda ubansa ya ba shi ran da aka yi masa aure. Hannuwansa har gwiwar hannu sun yi jajir, fatar tana tashi, don da su ya dama.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Na sirka ta, Sammani. Wallahi na sirka. Garwa ɗaya nata, ukku na rijiya."

Ya yi duk yadda ake yi. Ya hana su ruwa tun jiya don su sha da kyau. Ya zuba dusa da ɗan gishiri don su so ta. Da ya ji hannunsa yana zafi sai ya ce ƙarfin kanwar ne, ai an gaya masa ta ninka ungurnu goma. Da suka sha kaɗan suka ja da baya, ya yi ta lallashinsu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, su kuma da ba su taɓa jin muryar nan ta cuce su ba, ga ƙishi, suka koma suka sha.

Abu ɗaya na sani a duniya, tsami yana kashe soda. Na kwarma wa Ramatu ihu ta kawo duk abin da ke da tsami. Na ruga gari, Hansai ta bi gida gida tana tattara tsamiya, mata suka fito da ƙore suna jiƙawa suna matsewa. Muka yi ta ɗura wa shanun da kwalba. Ramatu ta fito da ƙwaryar nonon da ta shirya kaiwa tallan Juma'a, nonon da ta tatsa daga jikinsu shekaranjiya, ta durƙusa tana mayar musu da shi a baki, tana kuka ba sauti. Yawancinsa ta hanci yake dawowa.

Injiniya Hashimu ya iso a kan babur wajen azahar. Ya buɗe bakin ɗaya ya leƙa, ya saki. Ya ja ni gefe ya ce, "A rami ne ake kashe soda, Malam Sammani, kafin ta taɓa nama. In ta riga ta shiga, ta gama cin abin da za ta ci." Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya tafi nemo malamin dabbobi, wanda bai samu zuwa ba sai washegari.

Kafin la'asar biyu suka mutu. Dattawan ruga suka ce a yanka sauran kada su tafi mushe. Manu ya ce ba mai sa musu wuƙa sai shi. Da hannuwan nan nasa ya bi su, kowace sai ya shafa wuyanta ya faɗa mata wani abu da Fillanci kafin ya yanka. Goggo ya bari ƙarshe. Naman ma ba a ci ba, don injiniya ya ce kada a kuskura, mahauta suka zo suka tsaya suka juya. Rami aka haƙa. Ina cikin masu haƙa, kuma ina jin wata saniya tana ta kuka daga bayan bukkoki. Da na leƙa sai na ga Wule ɗaure a gindin wata marke, nesa da komin, lafiyarta ƙalau, ƙishi kawai take ji.

Kwana uku ban je ruga ba. Kunya ta hana ni, tsoro ya hana ni, ban san da wace fuska zan yi sallama ba. Hansai ta dafa miyar yakuwa, da na ji ƙamshin kanwa ya taso sai na fita daga gidan. A majalisa wasu suna cewa ai ɓarawo ne ya gamu da gamonsa, wa ya aike shi ɗibar kayan kamfani? Na tashi na kusa shaƙe wani, aka raba mu. Ba shi ya kamata in shaƙe ba. Baki shi ke yanka wuya, amma nawa bakin wuyan wani ya yanka.

Rana ta huɗu da sassafe na ji sallama a ƙofar gida. Manu ne, hannuwansa naɗe da tsumma, igiyar Wule a rataye a gwiwar hannunsa don yatsun ba su riƙo. Can bakin hanya ga Ramatu da yara da tsohuwarsa a kan jaki, an ɗaure ƙore da tabarmi.

"An tashi lahiya, Sammani?"

"Lahiya lau."

"Ya gida? Ya Hansai da yara?"

"Lahiya."

"Ya ƙarin haƙurin Kawu? Allah shi jiƙanshi, shi sa ya huta."

Shi ke yi mini ta'aziyya.

Ya miƙo gwiwar hannunsa in zare igiyar. "Ga amanarka. Tana da ciki, wata biyu. Kada a bari ta sha ruwan kwazazzabo."

Na ce, "Manu, mi ya sa ita ba ka ba ta ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ruwan ba nawa ba ne, ban kuma roƙa ba. Na ce in da alhaki a ciki, shi tsaya kan nawa. Ita ta mutane ce."

Nan na fashe da kuka a ƙofar gidana, gaban matata da maƙwabta, ban damu ba. Na ce, "Ni na kashe su. An gaya mani ko kaza kada ta kusanci ramin nan, ban gaya maka ba. Na tsaya ina yi maka burga. Ka riƙe ta, don Allah. Ta haihu, ka tada garke da ita. Ba aro ba, kyauta."

"Kai ba ka ɗebo ba, ba ka dama ba, ba ka kira su da suna ba."

"Don darajar iyayenmu, Manu."

Ya girgiza kai. "Wanda ya ba shanun ubanshi guba da hannunshi, ba a bar mashi dabba. Akwai wani mai shanu can kudu, wajen Kontagora, shina neman makiyayi. Can ba wanda ya san ni."

Da ya zage ni, da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a ka, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya ce in yafe masa abin da ya ɗiba, in kuma roƙar masa Alhaji gafara. Hansai ta fito da gudu da ƙullin gero ta kai wa Ramatu, suka rungume juna a bakin hanya. Manu ya zare hannunsa daga igiyar a hankali, ya bar ta a nawa, ya juya.

Wule ta ga yana tafiya. Ta ja igiyar har ta kusa kayar da ni, ta miƙa wuya ta yi kuka, ta sake yi. Tun muna yara na san Manu, ko yana cin abinci, ko yana tsakiyar magana da babba, in saniya ta yi kuka sai ya waiga. Na tsaya riƙe da igiya ina jira. Ta yi ta kiransa har suka sha kwanar gonar mahaifina, bai waiga ba.